Yadda Katin Biki Ya Ci Mana Kuɗi, da Abin da Muka Samo a Madadinsa



Hajiya shugaba, iyayen ƙungiya, Malamarmu ta ajin yamma, 'yan uwa mata, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka yi haƙuri suka zauna can baya, barkanmu da ganin wannan rana. Allah ya maimaita mana.

A yi mana afuwa idan aka ji mun tsaya a tsakiyar layi. Takardar nan da hannunmu muka rubuta ta, kuma sai da muka haura shekara 40 kafin mu san yadda ake riƙe fensir. Mu 'yan kasuwa ne, bakinmu ya fi sabawa da "albarka" da "sallama" a kan jawabi a gaban jama'a.

Ɗazu ma'aji ta karanta lissafin shekara. Da ta zo kan layin da ke cewa "asarar kati", mun ji ƙus-ƙus daga ɓangaren hagu, kuma wallahi ba mu ga laifin kowa ba. Kuɗin nan na kowa ne, daga adashi da ribar sabulu aka tara shi. Mu biyar na kwamitin kati mu muka kashe shi. Shi ya sa muka roƙi a ba mu dama mu faɗi yadda aka yi, tun daga farko, ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Kun san yadda muka fara. Ƙungiya ta sa an yanka mana hatimi don buga suna a takardar sabulu da kwalaben turaren wuta. Daga nan sai wata ta ce, tunda muna da hatimi da soson tawada, me zai hana mu riƙa buga ƙananan katunan godiya da ake sakawa cikin kayan rabo a biki da suna? Muka fara, kuma ya karɓu. Aikin ba wuya: ka dangwala, ka buga, ka ajiye ya bushe. Shekara biyu muna haka, ba mu taɓa yin asarar da ta kai a faɗa ba.

To, ran nan 'yar ɗaya daga cikinmu ta nuna mana wani hoton bidiyo a waya. Wata mata ce ta buga hatimi a kan kati, amma ba ka ganin komai, sai ɗan danshi. Ta zuba wata hoda a kai, ta kakkaɓe, hodar ta maƙale a inda danshin yake kaɗai. Sai ta hura mata zafi da wani ƙaramin inji. Muna kallo, hodar nan ta narke, ta taso, ta zama rubutun gwal mai tudu, mai sheƙi, irin wanda muke gani a katin bikin masu hali. Ba ta tsaya nan ba. Ta ɗauki soso ta shafa shuɗiyar tawada a kan katin gaba ɗaya, ta goge da ƙyalle, sai ga zanen ya fito fes, launin bai kama shi ba. Duk abin bai kai minti biyu ba.

Masu ɗab'i suna kiran wannan aiki embosin, mu kuma a tsakaninmu muka sa masa "bugu mai tudu". Hodar garin roba ce, irin wadda zafi ke narkarwa, kuma zafin da take so ya fi na tafasasshen ruwa. Shi kuwa mataki na biyu, na shafa launi, ba baƙo ba ne gare mu. Duk wadda ta taɓa manna salatif a ƙafa ta ɗora jan lalle ta san cewa inda aka rufe, lalle ba ya kamawa. Haka marina ke ɗaure yadi da zare kafin su tsoma shi a baba, kamar yadda ake yi a marinar Ƙofar Mata. Da muka ga haka sai muka ce, ai wannan namu ne, sauƙi ma ke nan.

Nan muka yi kuskuren farko, kuma shi ne babba. A makon nan wata 'yar uwarmu a ƙungiya, wadda maigidanta ya rasu, Allah ya jiƙansa, ta zo neman shawara kan katin bikin 'yarta ta fari. Kuɗin da masu ɗab'i suka yanka mata na kati mai tudu ya fi ƙarfinta. Ba mu ko taɓa riƙe hodar a hannu ba, muka ce mata, "Yaya, kwantar da hankalinki, kati 200 ne ko? Mu za mu yi miki." Saura mako huɗu biki, kuma kati yana buƙatar ya fita da wuri don a rarraba. Hajiya shugaba ta tambaye mu ko mun gwada, muka ce mun gani da idonmu. Ta ba mu kuɗi daga asusu bisa amana. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ranar muka je neman gorar ma.

Muka yi odar hodar daga Legas, gwal da fara, aka sako mana ita a mota. Ƙananan rubutu, wato sunan amarya da ango, da rana, da wuri, muka ce a buga mana su a shagon kwamfuta, mu kuma mu yi babban rubutun sama da furannin gefe da hannu. Aka yanka mana kati daga kwali mai santsi, kowace takardar A4 ta ba mu guda huɗu.

Tun a shagon kwamfuta aka fara. Yaron ya buga mana "daurin aure" da "karfe 11". Da a ce shekara uku baya ne, da mun karɓa mun yi godiya. Amma Malama ta sha wahala a kanmu wajen ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ, ta sha gaya mana cewa kafa daban, ƙafa daban. Muka ce masa, "Ɗana, dauri ai jarirai ake ba wa. Mu ɗaurin aure muke gayyata." Ya ce injinsa ba shi da harafin. Sai 'yarmu ta rubuta a wayarta da madannin Hausa, ta tura masa, ya ɗora. Wannan kam mun tare shi kafin ya ci mana kuɗi.

Na hatimi ne ya ci. Don mu rage kashe kuɗi, muka ce mu yanka da kanmu, a kan manyan robobin goge fensir, da reza. Wadda ta fi mu hannu, mai zanen lalle, ta kwana biyu tana sassaƙa "Gayyatar Biki". Ya yi kyau ƙwarai a ido. Da aka dangwala aka buga, sai ga rubutu ya fito a juye, daga dama zuwa hagu, kowane harafi ya ba mu baya. Muka yi tsuru-tsuru. Sai ɗayarmu ta ce, ai abin ajami ne, a fara daga dama. Aka sake yankawa daga dama, amma ba a juya haruffan ɗaya-ɗaya ba, kuma a wannan karon da ƙananan baƙaƙe. Aka buga, sai b ta zama d. Muka tashi da gayyatar "diki". Ku yi dariya, mu ma mun yi, har da hawaye, amma roba huɗu da kwana huɗu sun tafi.

Da muka kai wa Malama kuka, ba ta yi mana faɗa ba. Ta ce duk abin da za a buga da shi, a juye ake shirya shi. Ta ba mu labarin cewa lokacin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, da haruffan ƙarfe ake ɗab'i, kuma masu jera su a juye suke karanta su duk yini. Sannan ta nuna mana dabara. Ka rubuta abin da kake so daidai, da fensir mai laushi, a kan siririyar takarda. Ka kifa ta a kan robar, ka goga bayanta da bayan cokali. Baƙin fensirin zai sauka a robar a juye da kansa, sai ka bi shi da reza. Kafin ka buga, ka ɗaga hatimin gaban madubi. In ya karantu a madubi, zai karantu a kati. Daga ranar madubi ya shiga cikin kayan aikinmu.

Sai maganar tawada. Mun ɗauka kowace tawada za ta riƙe hoda. Muka fara da ta hatimin ofis da muka saba. Lokacin hunturu ne, iska a bushe, kafin mu miƙa hannu mu ɗauko hoda, tawadar ta shige cikin kati ta bushe. Muka gwada tawadar allo, ta ƙaro da gawayi, muna tunanin tunda ƙaro yana da danƙo zai riƙe. Ita kuma sai ta taru ɗigo-ɗigo a kan robar, ta fito dabbare-dabbare. Muka koma kan bidiyon, 'yarmu ta karanta mana bayanin da ke ƙasa, sai muka gane tawadar matar nan ta musamman ce, marar launi, mai jinkirin bushewa, kuma ana iya yin madadinta da gilisarin. Gilisarin fa, wannan da muke saya a kemis muna haɗawa da man shafawa saboda kaushi! Ba ya saurin bushewa, shi ya sa yake riƙe hoda har a kai ga zafi. Muka jiƙa sabon soso da shi, hoda ta kama.

Ta kama har ta wuce gona da iri. Sai ka kakkaɓe kati, ka ga ƙurar gwal ta maƙale ko'ina, har da zanen yatsunmu ɓaro-ɓaro a gefe. Dalili uku ne, kuma sai da muka sha wuya muka rarrabe su. Na ɗaya, hannunmu. Lokacin sanyi kowa ta shafa basilin, duk inda yatsa ya taɓa, hoda ta bi. Na biyu, bushewar iska. Kun san yadda mayafin leshi ko na roba ke manne wa jiki yana ƙaras-ƙaras da hunturu, to haka kati ke jan hoda. Na uku, katin da aka ɗauko daga shagon kwamfuta a ranar, tawadarsa ba ta gama bushewa ba, sai hoda ta hau kan sunan amarya ta rufe shi.

Ana cikin haka ga maganar zafi. Muka ari injin busar da gashi a shagon gyaran kai. Ana kunna shi ya hure hodar duka, ta watsu a tabarma da fuskokinmu, domin iskarsa ta fi zafinsa yawa. Wani maigida daga cikin mazajenmu, Allah ya saka masa, ya aro mana injin hura zafi irin na masu gyaran waya. Ya yi aiki sosai, na rabin awa, aka ɗauke wuta. Kwana biyu ba a kawo ba. Man janareta kuwa, in muka saya, gara a ce wa Yaya ta koma wurin masu ɗab'i.

'Yan uwa, a wannan mako mun yi faɗa. Ba za mu ɓoye muku ba. Wata ta ce jiya da ta sa ruwa a gilisarin ya fi kyau, wata ta ce ƙarya ne, jiya ba a sa ruwa ba. Wata ta ce katin da ya yi kyau da safe aka yi shi, wata ta rantse da yamma ne. Kowa tana da gaskiyarta a kai, ga tulin kati ɓatattu a kwando ba wanda ya san yadda aka yi kowanne. Har ɗayarmu ta ɗauki mayafinta ta ce ta fita daga kwamiti. Yaya kuma kullum sai ta biyo ta rumfa, ba ta cewa komai sai "Ya aiki?", mu ce "Alhamdu lillahi", mu sunkuyar da kai. Dangin mijinta sun riga sun ce mace ita kaɗai ba za ta iya fitar da biki ba, kuma ta riga ta faɗa musu cewa ƙungiyarta ce ke yi mata kati. Kun ga ashe ba kuɗi kaɗai muka ɗora a faranti ba.

Ranar Laraba muka je aji ba mu yi aikin gida ba. Malama ta tambayi dalili, muka zayyana mata. Sai ta ce, "Kati nawa kuka ɓata?" Muka ce da yawa. Ta ce, "Da yawa ba lamba ba ce. Ku da ba ku yarda a auna muku gero da ido, don me kuke aiki da ido?" Ta buɗe jakarta ta ba mu sabon littafi mai layi 40, ta ja layuka huɗu a shafin farko. Ta ce daga yau kada mu sake taɓa kati mai kyau. Mu yayyanka ɓatattun mu yi gwaji a bayansu. Kowane gwaji a ba shi lamba a rubuta a jikinsa, a littafi kuma a rubuta lambar, da abin da aka sa, da lokacin, da abin da ya fito. Ta ƙara da sharaɗi ɗaya: kada a canja abu biyu a lokaci guda. In an canja ruwa, a bar zafi yadda yake.

Rubutun nan ya yi mana nauyi da farko. Layi ɗaya sai ya ɗauke mu minti biyar, muna gardama ko "danshi" da n ake rubutawa ko da m. Amma a yammaci biyu muka yi gwaji 31, kuma faɗa ya mutu, domin in wata ta ce kaza, sai a ce buɗe littafi. A nan muka ga cewa cokali 2 na gilisarin da cokali 1 na ruwa shi ya fi mana a wannan yanayi. In ruwa ya yi yawa, ya bushe da wuri. In gilisarin zalla ne kuma aka cika shi a soso, rubutu ya yi kauri, ƙugiyar haruffa ta toshe. Muka ga in an ɗaure garin sitaci a tsumma mai tsabta aka shafe fuskar kati kafin bugu, ƙurar gwal ba ta maƙalewa. Muka ga katin da ya kwana bayan an ɗauko shi daga shagon kwamfuta ba ya ba da matsala.

Maganin zafi kuma daga bakin Inna ya fito, babbarmu a kwamiti, wadda ta yi shekaru tana wankau da guga. Ta ce tunda iska ce ke ɓata mana, a nemo zafin da ba shi da iska. Ta kawo dutsen guga na gawayi, aka hura shi, aka jingine shi tsakanin bulo biyu yadda za a iya kusanto da kati ga fuskarsa. Aka kama kati da maƙalin shanya na katako, aka kusanto da bayansa kamar faɗin yatsa biyu, ba tare da ya taɓa ba. Muka yi shiru muna kallo. Hodar nan da take dishi-dishi kamar ƙasa, sai ta fara sheƙi daga gefe ɗaya, sheƙin yana tafiya har ya kai ƙarshen kalma. Gwaji na 24 ke nan a littafi. Wadda ta ɗauki mayafi ta fita, ita ta fara rangaɗa guɗa.

Shi ma yana da ƙa'ida. Da zarar wuri ya yi sheƙi, a matsa gaba. In aka daɗe, tudun ya narke ya shige cikin takarda, ya bar tabo kamar na mai, bayan katin kuma ya yi ja. In aka yi gaggawa, wani wurin bai narke ba, ana shafawa ya zube. Kati yakan lanƙwashe saboda zafi, sai a bari ya huce a danne shi ƙarƙashin abu mai nauyi ya kwana. Wajen shafa launi kuma, tawada mai ruwa ake so, irin ta hatimin ofis ɗin nan da ta ƙi mana a farko. A dangwala kaɗan a soso, a fara daga bakin kati ana shigowa ciki a hankali, sannan a goge kan furen da busasshen ƙyalle. Mun gwada tawadar maka, ta kama tudun ta ƙi fita. Takarda marar kauri, irin ta kwafi mai lamba 80, ba ta jure wannan aiki sam. Kwali mai lamba 250 zuwa sama shi ne daidai.

Muna roƙon duk wadda za ta gwada a gida ta kiyaye abu biyu. Hodar nan roba ce, tana kama da ƙyalƙyalin kwalliya, yara za su so ta. A ɓoye ta nesa da su da kuma kayan girki. Kuma a yi aikin zafi a tsakar gida ko bakin taga, saboda hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa, ita ma hodar tana da ɗan wari in tana narkewa.

Yanzu ga lissafi, tunda shi kuka zo ji. Kati 200 aka ce. Mun ɓata 86, sai da aka sake yanko kwali aka sake biyan shagon kwamfuta. Rabin kwalbar hodar gwal ta tafi a iska da tabarma, kafin mu koyi zubawa a kan naɗaɗɗiyar takarda mu mayar da ragowar cikin kwalba. Mun kai katin da jinkirin kwana uku. Ba mu ƙara wa Yaya ko sisi a kan abin da muka yi alkawari ba, domin laifin ba nata ba ne. Abin da ta biya bai rufe abin da aka kashe ba, bambancin shi ne layin da ma'aji ta karanta. Kwana tara kuma rumfunanmu suna hannun yara da yamma, wannan asarar ba ta ma shiga littafin ƙungiya ba.

Ranar da muka kai mata, ta buɗe ledar ta ɗauki ɗaya. Yaya ba ta karatun boko. Ta bi rubutun da yatsa, tudu-tudu, ta ce wanne ne sunan 'yarta. Muka nuna mata, muka ce wannan na sama da take shafawa "Gayyatar Biki" ne. Ta ce ashe b ɗin nan mai ciki a gaba ce. Yanzu haka tana zaune a layi na biyu a ajin yamma, kuma ta ba mu izini mu faɗi wannan. An yi biki lafiya, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.

Bayan bikin mun sami aiki uku daga mutanen da suka ga katin: suna biyu da walimar saukar karatu ɗaya. A na ƙarshe, kati 60, guda 4 kaɗai suka lalace, kuma an sami riba. Amma kada mu ruɗe ku. Mu biyar, in mun zauna daga la'asar zuwa magariba, abin da muke gamawa bai wuce kati 30 ba. Ba za mu iya gasa da injin ɗab'i a aikin kati 1,000 ba, kuma ba ma shawartar a karɓi irinsa. Inda muke da kasuwa shi ne ƙaramin aiki, na mai son abu na daban, wanda masu inji ba sa son ɓata lokaci a kansa. Haka kuma duk abin da ke littafinmu na hunturu ne. Ba mu taɓa yin aikin da damina ba, kuma muna zaton danshi zai canja awon gilisarin, sai mun sake gwaji.

Saboda haka muna da roƙo uku ga wannan taro, kuma muna so a sa su cikin abin da za a tattauna a zama na gaba.

Na farko, a kafa doka cewa babu kwamitin da zai karɓi aikin wani da sabuwar dabara sai ya kawo samfur guda 10 masu kyau gaban shugabanni. Wannan ya shafi masu sabulu da masu turare da masu ɗinki, ba mu kaɗai ba. Da dokar nan tana nan, da Hajiya shugaba ta sami abin da za ta tare mu da shi ranar da muka ce mata "mun gani da idonmu".

Na biyu, a ware wani ɗan kaso daga ribar shekara a kira shi kuɗin gwaji. Koyon sabon abu dole ya ci kaya. In an san an ware masa, wadda ta ɓata ba za ta ɓoye ba, kuma ba za a taɓa jarin kowa ba. Nawa ne kason, wannan ku za ku yanke.

Na uku, kowane kwamiti ya riƙe littafin gwaji, kuma littafin ya zama na ƙungiya, a ajiye shi a ofis. Namu ga shi nan a kan tebur, da ɓatattun katunan, har da na "diki", duk mai so ta zo ta duba bayan an tashi. Rubutun ba kyau, akwai gogewa da yawa, amma duk wadda ta bi shi ba za ta sake biyan kuɗin da muka biya ba. Masu sabulu, kun sha gaya mana wani zubin ya yi kyau wani ya ƙi daskarewa, ba ku san dalili ba. Ku gwada littafi wata uku ku gani.

Wadda kuma ta ce ai ita ba ta iya rubutu ba, ajin yamma yana nan, Litinin da Laraba bayan la'asar, kuma akwai sauran benci. Mazajenmu da ke baya, mun gode da haƙurin tuwon da ya yi dare a makonnin nan, muna kuma roƙon ku bar matanku su zo.

Muna neman gafarar ƙungiya a kan gaggawar da muka yi da dukiyarta. Muna gode wa Hajiya shugaba da ba ta tozarta mu ba, da Malama, da Inna mai dutsen guga, da 'yarmu mai waya, da Yaya da ta yi haƙuri da mu. Katin da aka raba muku a ƙofa, mai furen shuɗi, aikin hannunmu ne, ku shafa ku ji. In kun ga wanda ya karkace, ku kawo mana shi mu rubuta a littafi.

Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kai mu ta baɗi da rai da lafiya.